Goggo Ummuhani Ba Ta Rufe Lissafin Wani

A kan titin da ya gangara daga babbar kasuwar Garwa zuwa kogi akwai wani ɗan shago tsakanin mai gyaran agogo da shagon fotokofi na Denise. Yanzu rigunan waya ake sayarwa a cikinsa. Har zuwa azumin bara shagon Goggo Ummuhani ne: ɗaki ɗaya, tebur biyu, benci, da fanka mai ƙugi. Idonta ya yi yana, ta rufe, ta koma wurin 'yarta Kaltumi a Lagdo. In na bi ta titin nakan rage tafiya, ko da ba ni da abin saya.

Ƙanwar mahaifina ce. Sunan mahaifinsu aka sa mini, Iliyasu, don haka ba ta taɓa kiran sunana ba. Babana take ce mini tun ina rarrafe, in kuma tana jin tsiya ta ce Babana mai digiri. Kakanninmu daga Kano suka zo da fataucin goro da tufafi, kuma har yau kowa a gidanmu ɗan kasuwa ne. Kafin ni, ita kaɗai ta fita daban. Ta yi boko, ta koyi bugun tafireta, a 1983 aka ɗauke ta a ofishin wata sakandare ta garin nan. An ce da 'yan'uwa suka kai ƙara wurin kakana, sai ya ce, "Ai rubutu ne, ko da ƙarfe ake yinsa." Maganar ta mutu a nan.

Masu bugun ofishin su uku ne, kuma ba mai son takardar malaman lissafi. Wasiƙa ka buga ka wuce. Lissafi kuwa yana da abin da ake kira matris, wato lambobi jere layi-layi kamar shukar albasa a fadama, da dogon baka mai kusurwa a hagu da dama ya rungume su duka. Akwai kuma bekta tsayayye, lambobi uku ko huɗu ɗaya bisa ɗaya kamar an ɗora kwanuka, shi ma da bakansa. Tafireta ba ta da dogon baka, nata bai wuce tsawon layi ɗaya ba. Sai mai bugu ta jera lambobin tana murɗa abin naɗa takarda rabi-rabi, ta bar filin yatsa biyu a kowane gefe, in ta cire takardar ta ɗauki rula ta ja bakan da hannu. In sitansil ne, takardar kakin nan da ake gurza kofe da yawa da ita, da ƙarfe mai tsini ake ja, kuma in hannu ya yi nauyi ta yage. Da yake Goggo ce ƙaramarsu, aikin ya faɗo kanta. Ita ba ta ce musu baka. Danga take cewa, don a ganinta lambobin tumaki ne aka killace.

Ta ƙware har malaman wasu makarantu suna kawo mata aiki a ɓoye. Sannan a 1988 ta yi kuskuren da ta yi ta ba da labarinsa har ta tsufa.

Shekarun ne da komai ya fara ƙaranci a ofisoshi. Sitansil ya yi wuya, a mako sai a ba ta ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Wani malami ɗan kudu, Misye Édouard, ya kawo jarrabawar 'yan ajin ƙarshe, da bekta tsayayyu guda biyar a tambaya ta uku. Ta auna ta ga in ta bar su a tsaye aikin zai ci sitansil uku, ga shi biyu gare ta. Sai ta kwantar da su. Lambobin dai su ne, jerinsu bai canja ba, kowane ya sami dangarsa gajeriya mai kyau. Ta ce ranar har yabon kanta ta yi.

Yara arba'in da bakwai suka zauna wa tambayar. Abin da ba ta sani ba shi ne, in aka kwantar da tsayayye, ninkawar da aka nema ba ta yiwuwa ko kaɗan. Yarinyar da ta fi kowa ƙoƙari a ajin ta ɓata rabin lokacinta a kai, ta fito tana kuka. Misye Édouard ya shiga wurin shugaban makaranta ya ce laifinsa ne, shi ya rubuta ba daidai ba. Da aka tashi tara sai ga shi a ofis, ya ja kujera ya zauna gaban Goggo. Ya daɗe a arewa, Hausarsa ta kasuwa ce.

"Ummu, in na ce ki hau soro, na ba ki tsani a kwance, za ki hau?"

Ta ce, "Misye, ai ban rage ko lamba ɗaya ba."

"Tsanin ma ba a rage masa mataki ba."

Ta ce ta so ƙasa ta tsage. Shi kuwa ya ce rabin laifin nasa ne da gaske, don da ya ga sitansil ɗin kafin a gurza, da ya gane. Daga ranar ta kafa wa kanta doka biyu. Tsayayye yana nan a tsaye ko zai cinye shafi guda. Danga kuma ba ta ƙara ja wa kowa. Za ta jera lambobi ta bar fili, mai lissafin ya zo da ƙafarsa ya zauna a gabanta ya ja abinsa, don mai jan danga dole idonsa ya bi abin da yake killacewa.

Malamai sun yi gunaguni, amma ba su da wata. Da aka zaftare albashi a 1993 ta bar aikin gwamnati ta buɗe shagonta, dokar ta biyo ta. An taɓa yin wani dakta daga Gaundare da ya aiko direbansa ya karɓo masa aiki. Ta ba direban ruwan sanyi, ta ce ya gaida mai gida, ya gaya masa danga sittin na jiransa. Da kwamfuta ta shigo ta saya ta koya, yatsunta sun fi na 'yan mata sauri, amma ta ƙi koyon wurin da na'urar ke ja wa mutum baka. Ta ce na'ura ba ta karanta abin da take rufewa. Haka ta ci gaba: ta buga, ta fitar, mai aiki ya ja da alƙalamin zane mai baƙar tawada, Denise ta yi kofe.

Ni lissafi na karanta, a makarantar horar da malamai a Marwa. A shekarata ta ƙarshe, 2015, na buga kundin kammala karatuna da kaina, da manhajar da 'yan lissafi ke amfani da ita, wadda za ka rubuta mata umarni ta ja maka baka daidai tsawon lambobinka. Da na zo gida ƙaramar Sallah na buɗe kwamfutata a shagonta ina nuna mata.

"Goggo, kin ga? Ba rula, ba tawada. Zamaninku ya wuce."

Ta sa tabarau ta leƙa, ta daɗe tana kallo. "Ya yi kyau, Babana. Allah ya ba na'urarka lafiya."

Na koma Marwa. Bayan 'yan kwanaki na rataya jakata na nufi wajen kasuwa in fitar da kundin a takarda. Ranar ce bam ya tashi. Ba zan ba da labarin abin da na gani ba, don ban iya ba tukuna. Abin da na sani, na farga ina zaune a barandar wani masallaci nesa da wurin, ba takalmi, ba jaka. Kwamfutar tana cikin jakar. Filas ɗin kwamfuta da na ajiye kofen kundin a kai shi ma yana cikin aljihunta, don wauta irin tawa.

Abin da ya rage mini littattafan rubutu uku ne da na bari a ɗaki, inda na fara yin aikin da biro. Shugaban sashenmu ya tausaya, ya ce ya ba ni kwana goma sha biyu in kawo kofe huɗu. In na wuce haka sai baɗi, abokan karatuna su sami aiki su bar ni. Mahaifina ya ce in dawo gida tukuna.

A gida na gane hannuna ya lalace. Ba rauni, rawa ce kawai. In na ɗauki kofin shayi sai ya zube mini a riga. Na je wani shagon intanet in gwada bugawa, yatsana yana danna harafi biyu a lokaci guda, sannan tayar wani babur ta fashe a waje, na tsinci kaina a ƙarƙashin tebur yara suna kallona. Na koma ɗaki na kwanta. Kwana biyu suka tafi a haka.

Rana ta uku da hantsi Goggo ta shigo ɗakina ba sallama mai tsawo. Ba ta tambaye ni jiki ba. Ta ɗauki littattafan nan uku daga kan akwati tana juya shafuka.

"Wannan rubutu ne ko kaji suka yi tono? Shafi nawa zai ba da?"

"Tamanin da huɗu, Goggo. Ki bar shi, ba zai yiwu ba."

"Na tambaye ka ko zai yiwu? Tashi ka sa riga. Akwai inda ba zan gane ba, sai kana kusa."

A shago ta gyara mini benci yadda zan fuskanci ƙofa, ban san yadda ta gane ina bukatar haka ba. Kwana biyar tana bugu. Wuta ta ɗauke ta zauna tana fifita da kwali tana zagin wayoyin titi, wuta ta dawo ta ce bismillah ta ci gaba. Lokaci-lokaci ta miƙo mini littafi: "Wannan bakwai ne ko ɗaya ne ya sha rana?" In faɗa mata. Ƙarar madannanta ce ƙara ta farko da na iya zama kusa da ita ban firgita ba.

Rana ta takwas da safe ta ajiye tarin takardu a tebur na biyu, ta ɗora rula da alƙalami a kai. Na duba. Lambobi a jere tsaf, tsayayyu a tsaye, fili fari a gefe da gefe. Na ƙirga wuraren, ɗari da sittin da uku, kowane danga biyu.

Na ɗauki alƙalami. Layin farko ya fita kamar sawun tsutsa, rular ta zame, tawada ta shafe lambobi biyu. Ta sake fitar da shafin. Na biyu ya fi na farko muni. A na uku bakin alƙalamin ya huda takardar.

"Goggo, ki ja mini."

"A'a."

"Kin ga hannuna fa."

"Na gani."

"To ki ja. Ga littafin nan, yadda na yi a ciki za ki bi. Minti nawa zai ɗauke ki?"

"Shekara ashirin da bakwai ban rufe lissafin wani ba, Babana. Ba a kanka zan fara ba."

Denise ta ji muryoyinmu ta leƙo, ta daɗe da zama kamar 'yar gida. "Haba Hajja, yaron nan daga bakin mutuwa ya dawo. In ke ba za ki ja ba ki ba ni, ni ma ina da hannu."

"Ke Denise, kin san inda ake farawa da inda ake tsayawa?"

"Layi ne fa, ba tiyata ba."

"Koma ki ji da na'urarki mai cin takardun mutane."

Ni kuwa raina ya ɓaci. Na faɗi abin da har yau nake jin kunyarsa. Na ce dokarta ta fi mata ɗan ɗan'uwanta, na ce wani Édouard da ya bar garin nan tun ban zo duniya ba shi ke mulkin shagonta. Ta cire tabarau ta goge da gefen mayafi, ta ce, "Ka gama? In ka fita ka ja mini ƙofa, ƙudaje." Na fita. Na yini a bakin Binuwai ina kallon masu wankin kaya, ina lissafi: kwana huɗu suka rage, ɗaya na ɗinke kundi, ɗaya na hanya. Na yanke cewa shekarar ta tafi.

Washegari na koma don in kwashe littattafaina. Na tarar ta share tebur na biyu, ta ajiye kujera biyu suna fuskantar juna. A kan teburin akwai wata rular ƙarfe mai kauri da ta aro wurin masu walda.

"Zauna. Jiya na yi ta juya maganar. Na ce ba na ja, ban taɓa cewa ba na riƙewa ba."

Ta ɗora rular a gefen matris na farko, ta danne ta da tafin hannu biyu, har jijiyoyin hannunta suka fito.

"Jingina bakin alƙalamin a jikin ƙarfen. Hannunka ya yi rawarsa, shi ƙarfe bai iya rawa ba. Amma kafin ka ja sai ka gaya mini. Daga ina?"

"Daga biyu."

"Zuwa ina?"

"Zuwa sifili na ƙasa."

"Layi nawa?"

"Uku."

"Ja."

Na ja. Alƙalamin yana karkarwa a jikin ƙarfen ina jin ƙararsa, amma layin ya sauka a miƙe. 'Yan ƙafafun dangar, gajerun layukan sama da ƙasa, su ne ba rula, sai suka fito a karkace kamar ƙafar ɗan akuya sabon haihuwa. Ta kalla ta ce, "Za su tsaya. Na gaba."

Haka muka yi ta yi. Daga ina, zuwa ina, layi nawa, ja. In mota ta yi ƙara a titi na ɗaga alƙalami, sai ta jira, hannunta na kan ƙarfen, ba ta kallona, har numfashina ya dawo. Mace mai shekara hamsin da biyar ta yini a sunkuye. Da azahar muka tsaya muka yi salla, Denise ta kawo mana gasasshen kifi ta ce kada a shafa wa digiri mai.

A shafi na hamsin da ɗaya ta ɗora rula ta ce, "Daga ina?"

"Daga ɗaya."

"Zuwa ina?"

Na buɗe baki na tsaya. Layi huɗu ne a takardar, alhali matris ɗin nan uku ne, na san shi kamar sunana. Na janyo littafina. Ashe watanni da suka wuce na rubuta wani layin gwaji a ƙarƙashinsa don in tabbatar da amsa, kuma bakan da na ja da biro a gurguje ya zarce har ya rungumo shi. Ta buga abin da ta gani. Duk wanda ya bi littafin zai rufe huɗu, kuma babin gaba ɗaya a kan wannan matris ɗin ya tsaya.

Na ce a hankali, "Uku ne, Goggo. Na ƙasan ba nasa ba ne."

Na zaci za ta yi shiru irin na manya. Ina! Ta ɗaga murya har mai gyaran agogo ya ji.

"Denise! Zo ki ga layin da ba tiyata ba!"

Denise ta zo ta leƙa, ba ta gane komai ba, ta ce to ai shi ke nan, an ci ta tara. Na yi dariya, ta farko tun ranar nan ta kasuwar Marwa, har tawada ta ɗiga a wandona.

Muka gama washegari kafin la'asar. Denise ta yi kofe huɗu ta ɗinke su da baƙin bango, na'urarta ba ta ci ko shafi ɗaya ba, ta ce a rubuta wannan a tarihi. Goggo ta kasa miƙe yatsunta, Kaltumi ta gaya mini daga baya sai da aka yi kwana uku ana gasa mata su da ruwan zafi. Na nemi gafararta a kan maganar da na yi. Ta ce, "Wace magana? Ni ƙudaje kawai na tuna."

Hanyar Marwa ta cika da shingayen bincike, a kowane sai an sauke mu an buɗe jaka. Na isa rana ta goma sha biyu. Na ce wa mai babur ya zagaya ta bayan gari, kada ya bi ta kasuwa, ko nawa ne zan ba shi. Na ajiye kundin a teburin sakatariyar sashe saura awa guda a tashi, na sa hannu a rajista da wani abu da bai yi kama da sa hannuna ba.

A watan Satumba na tsaya gaban malamai uku na kare aikin. Na riƙe gefen tebur don kada su ga hannuna. Sun yi awa guda suna tambaya, ba su sami kuskure a lissafin ba. Ɗaya daga cikinsu, matashi da ya yi karatu a waje, ya ɗaga kundin ya ce bakan nan da hannu aka ja su, wannan ba aikin zamani ba ne, zai rage maki ɗaya saboda tsari. Na ci da sha shida cikin ashirin. Har yanzu ina jiran a tura ni makaranta, kuma har yanzu ba na shiga kasuwa ranar da ta cika.

Ina fitowa daga ɗakin na kira ta.

"Goggo, na ci."

"Alhamdulillahi. Nawa?"

Na gaya mata, na gaya mata zancen makin da aka rage.

"Wa ya rage? Ɗan gidan wa ne?"

"Ba ɗan nan ba ne, Goggo."

"Na ji alama. To shafi na sittin da biyu fa, inda ƙafar danga ta taɓa takwas har ya koma kamar tara? Sun yi magana?"

"Ba su gani ba."

"To ba su karanta ba." Na ji ta juya tana ce wa wani ya shigo ya zauna. "Babana, sai ka zo. Ga wani ya kawo katin biki, wai yau yake so."